Kifin da ya kwana ciki sama: yadda muka yi jinyar wani kifin zinariya

Da sassafe ƙanwata ta kira ni, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, kifin yarinyar nan ya mutu, kuma ta hana a fitar da shi." Ina jiyo kukan ɗiyarta ta cikin wayar. Na ce kada kowa ya taɓa shi, ta matsa kusa da gilashin ta dubi murfin kunnuwansa, 'yan faifan nan biyu da ke gefen kai, masu rufe wurin da kifi yake numfashi ta cikinsa. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce suna motsi, a hankali dai, amma suna buɗewa suna rufewa. To ai da ransa. Kifin da ya juya ciki sama yana reto a saman ruwa, a ido ba shi da maraba da gawa, shi ya sa ake zubar da da yawa tun ba su cika ba.

Na daɗe ina kiwon kifin ado, don haka duk wanda nasa ya yi wani iri a dangi ni yake nema. Wannan karon na rubuta abin da ya faru daki-daki, saboda ni kaina na yi kuskure a farkon lamarin, kuma kuskuren da kusan kowa yake yi ne.

Abin da na tarar

Akwatin gilashi ne mai cin lita 20, da kifi biyu a ciki. Ɗaya dogo ne siriri, irin kifin zinariya na asali. Ɗayan, wanda ba shi da lafiya, irin da ake kira riyukin ne: gajere, mai tozo a baya, cikinsa zagaye kamar ƙwai, jelarsa biyu tana jan ruwa. Yarinyar tana kiransa Ɗan Ja. Ruwan garau yake, ƙasan tsaf, har 'yar matatar da ke maƙale a gefe tana ƙyalli.

Ɗan Ja yana can sama, ciki a waje, baya a ƙasa. Can sai ya tattara ƙarfinsa ya karkaɗa jela, ya juyo daidai, ya nutsa har tsakiyar ruwan, yana daina motsi kuma sai ya taso fuu kamar ƙwallon roba da aka danna cikin ruwa aka saki. Na leƙa shi ta sama don in ga ɓawon jikinsa. A kwance yake lif, bai tashi ba, nan hankalina ya ɗan kwanta, domin idan ɓawon ya miƙe tsaye ko'ina kamar ƙayar bushiya, ruwa ne ya taru a jikin kifi, galibi ƙoda ta gaza, kuma da wuya a ceto irin wannan. Idanunsa ba su kumbura ba, babu farin ɗigo a jikinsa. Gefen hagu na cikin ya fi na dama fitowa. A jelar kuwa akwai siraran jajayen layuka, na gan su sarai, amma ban ba su muhimmanci ba.

Na tambayi abinci. Irin ɓarzajjen nan ne mara nauyi da ke shawagi a kan ruwa. Wa ke ba su? Yarinyar tana zuba musu kafin ta tafi makaranta. Uwarta tana zuba musu da rana. Ubanta ma idan ya dawo da dare ya ga sun taso suna buɗe baki sai tausayi ya kama shi. Kowa a cikinsu yana ganin shi kaɗai ne ke tunawa da su. Kifin zinariya kuwa ba ya taɓa nuna ya ƙoshi, ko yanzu ya gama ci zai sake zuwa gaban gilashi yana bara.

Jakar da ke riƙe shi a tsakiyar ruwa

A cikin kifi, ƙarƙashin ƙashin baya kuma sama da hanji, akwai wata siririyar jaka mai cike da iska. Ita ce ke sa ya tsaya a zurfin da yake so ba tare da ya yi ta fafutuka ba. A kifin zinariya jakar ɗaki biyu ce, na gaba da na baya, da ɗan maƙogwaro a tsakaninsu. Akwai kuma wani siririn bututu da ya haɗa ta da maƙoshi, ta nan yake haɗiyar iska daga saman ruwa ya cika ta, ta nan kuma yake fitar da ita idan ta yi yawa. Ɗakin gaban ma har da ji yake taimaka masa, wasu ƙananan ƙasusuwa ne ke ɗauko girgizar sauti daga jikinsa su kai kunnen ciki.

Asalin wannan kifi dogo ne, launinsa ma ba ja ba. A ƙasar Sin aka fara keɓe masu launi ana kiwonsu, fiye da shekara dubu da suka wuce, ya yi fice a zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279. Ya isa Japan a ƙarni na 16, Turai a ƙarni na 17. Duk tsawon wannan lokaci masu kiwo suna zaɓen gajeru masu zagayen ciki saboda kyau, har aka samu irin su riyukin da oranda da ranchu. An gajarta jikin, amma kayan cikin suna nan yadda suke, sai suka cushe wuri guda. Ɗakin baya na jakar iskar shi ya fi shan wahala, a wasu ya ƙanƙance, a wasu ya karkata. Ga shi kifin zinariya ba shi da tumbi irin namu, abinci daga maƙoshi hanji yake wucewa kai tsaye. Da hanjin ya cika ko ya tara iska sai ya danne jakar, ko shi kansa ya zama wata jakar iskar ta biyu a ƙasan ciki, kifi ya kife.

Ke nan juyewar alama ce kawai. Cushewar ciki tana kawo ta, gurɓataccen ruwa yana kawo ta, haka ƙwayoyin cuta, haka kumburin ƙoda ko ƙari da ya tura jakar gefe, haka halitta. Duk na san wannan. Amma da na ji labarin mutum uku masu ciyarwa, nan take na yanke hukunci cewa ciki ne ya cushe. Na ce a hana su abinci kwana uku, na rage ƙarfin matatar don kada ruwa ya riƙa wulli da shi, na tafi. Kayan gwajin ruwa suna gida, ban ma ɗauko su ba.

Kwana na biyu

Washegari da yamma yarinyar ce da kanta ta karɓi waya. "Kawu, dogon ma ya ƙi wasa." Na tarar da shi a kusurwa, fikafikansa a manne da jiki, can kuma ya taso yana haɗiyar iska a sama da sauri-sauri. Wannan ba shi da zagayen ciki, ba shi da matsewar jaka, daidai yake iyo. Idan kifi biyu masu siffa daban suka kwanta tare, abin da suka haɗa za a duba, ruwa ke nan. Ashe na bar jaki ina dukan taiki.

A ranar na zo da kayan gwajin, irin na ɗiga magani cikin 'yar kwalba. Amoniya ta nuna 0.5, naitirait ya kai 1, naitiret ya haura 80, duk a ma'aunin miligiram cikin lita. Biyun farko sifili ya kamata su kasance. Na ukun ana son kada ya wuce 40, in ya tsaya ƙasa da 20 ya fi. Zafin ruwan digiri 19.

Kifi yana fitar da amoniya, mafi yawanta ta kunnuwansa, ragowar abinci da kashi ma suna ruɓewa su ƙara. Amoniya guba ce, tana ƙona kunnuwan da fata, jajayen layukan jelar nan da na raina suna cikin alamunta. Abin da ke kawar da ita wasu bakteriya ne masu amfani da ke zaune a jikin soson matata: wasu su mayar da ita naitirait, wasu su mayar da naitirait naitiret, wanda ya fi sauƙin dafi, shi kuma a rage shi da canjin ruwa. Naitirait ɗin tsakiya mugu ne. Yana shiga jini ta kunnuwa ya hana shi ɗaukar iska, sai ka ga kifi yana haki alhali ruwan cike yake da iskar. Duk waɗannan ba su da launi. Ruwa zai yi garau kamar na sha, amma yana kisa.

Ruwa ba ya tsami banza, sai na tambayi yadda ake wanke akwatin. Ƙanwata ta ce, da ɗan alfahari ma, "Yaya, ai duk mako nake wanke shi tas, in zubar da ruwan, har soson sai na cuɗe shi a famfo ya yi fari." Ban ji daɗin gaya mata ba, domin ƙoƙari take yi da gaske, amma tsaftar ce ta jawo. Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin, an zuba shi ne don ya kashe bakteriya, kuma ba ya tantance na kirki da na banza. Duk mako tana hallaka ma'aikatan matatar, su fara farfaɗowa ta sake hallaka su. Lita 20 kuma ta yi wa ko kifi ɗaya kaɗan. Masu kiwo sukan ware wa zagayayyen kifin zinariya guda kamar lita 75, kowane ƙari kuma kamar 40, dogon ma ya fi haka buƙata.

Jinyar

A daren na canza rabin ruwan akwatin, ba duka ba, domin kifin da ya riga ya galabaita ba ya jure sauyi kwatsam. Sabon ruwan na ɗiga masa maganin kulorin, na daidaita zafinsa da na tsohon da ma'auni, na zuba a hankali. Wasu sukan bar ruwa ya kwana a buɗe, kulorin zalla yakan fita ta haka, amma wasu hukumomin ruwa kuloramin suke zubawa, shi kuwa ba ya fita don an ajiye shi, sai da magani.

Ɗan Ja na mayar da shi cikin wani faffaɗan bahon roba wanda sabulu bai taɓa shiga ba, na zuba lita 25, zurfin bai fi taƙi guda ba, na sa dutsen kumfa mai ƙara wa ruwa iska a kusurwa. Na narkar da gishiri zalla mara haɗi, giram ɗaya a kowace lita, a bahon da akwatin duka. Amfaninsa a nan takamaimai ne: sinadarin kulorayid da ke cikinsa yana rige-rigen shiga kunnuwa da naitirait, sai wanda ke kaiwa jini ya ragu. Na ja wa ƙanwata kunne cewa gishiri ba ya bin tururi, idan ta ɗebe lita goma ta mayar da goma, giram goma kawai za ta ƙara. Tun da bahon ba shi da matata, kullum sai an canza rabinsa.

Dumama ruwa kaɗan yana sa hanjin kifi ya yi aiki da sauri, kuma shawara ce da ake yawan bayarwa. Na jinkirta ta. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, amoniya ma ta fi dafi a cikinsa, ga kifin da jininsa ya riga ya kasa. Sai da gwaji ya nuna bahon ya tsaftata na fara ƙara digiri ɗaya a rana, har 23.

Abin da ya fi tayar mini da hankali fatar cikinsa ce. Wurin da ke waje da ruwa, kamar faɗin farcen babban yatsa, ya bushe, ya rasa santsin nan da ke kare jikin kifi, ya fara ja. In aka bar shi zai zama gyambo, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa, kuma sau da yawa wannan ne ke kashe kifin da ya kife kafin ciwon farko ya kashe shi. Na samu ɗan kwandon roba mai huji-huji, mai santsin baki, na kifa a kansa na ɗora masa nauyi yadda zai tsaya ƙasa da fuskar ruwa kaɗan. Da farko ya yi ta dukan kwandon da jela, daga baya ya natsu ya jingina. Yarinyar ta zauna a ƙasa ta tasa shi gaba, ta ce na sa shi a kurkuku.

Mijin ƙanwata ya kawo shawarar a fasa ƙwayar maganin kashe bakteriya irin na mutane a zuba. Na ƙi. Ba mu ga alamar cutar da ke neman hakan ba, kuma maganin zai fara ne da ɗan abin da ya rage a soson matata. Haka na hana matsa masa ciki. Maganar huda jakar da allura kuwa, likitocin dabbobi sukan yi, bayan sun ɗauki hoto sun sa kifin barci, kuma ko a hannunsu iskar takan dawo. A gida, hanji ko ƙoda mutum zai soke.

A kwana na huɗu muka karya masa azumi da koren wake mai zagayen ƙwaya, wanda ake kira waken Turawa. Na tafasa shi ya yi laushi, na ɓare fatar, na murƙushe rabin ƙwaya ƙanana-ƙanana. Ba ya iya bin sa ƙasa, sai na riƙe tsakanin yatsu biyu na kai masa baki a ƙarƙashin ruwa. Ya zuƙa, ya tofar, ya sake zuƙa, na ji ɗan tsotsonsa a fatar yatsana. Wannan wake ya yi suna ƙwarai a wurin masu kiwo, kamar shi ne maganin komai. A ganina an yi masa zuzutawa. Yana nutsewa, don haka kifi ba ya haɗiyar iska wajen cinsa, yana da dusa mai tura hanji, kuma ba shi da nauyi a ciki. Iyakarsa ke nan. Da mun ba shi waken a cikin wancan ruwan, da ya mutu da shi a ciki.

Da yammacin ranar na yi masa wanka da gishirin Epsom, wanda ba gishirin ci ba ne, sinadarin magniziyom ne, kuma aikinsa daban: masu kiwo suna amfani da shi don sassauta hanji da rage kumburi. Babban cokali ɗaya cikin lita huɗu, a kwano dabam, minti 15, ina tsaye a kansa da niyyar fitar da shi da zarar ya kwanta ko numfashinsa ya sauya. Washegari da safe aka tarar da wani dogon zaren kashi a ƙasan bahon, ya fi kifin kansa tsawo, da ƙananan kumfa a jere a cikinsa. Ban taɓa ganin an yi murnar kashi irin ta wannan gida ba.

Kwana na shida ya daina kifewa, yana iyo a karkace, kai ƙasa jela sama. Kwana na tara ya sauka da kansa ya tsinci abinci a ƙasa. Jan fatar cikin ya dushe ba tare da ya fashe ba. Dogon kuwa tun kwana na huɗu ya warware, canjin ruwa kaɗai ya ishe shi.

Ya sake komawa

An sayo akwati mai lita 120, aka ɗauko tsohon soson ba a wanke ba aka sa a sabuwar matata. Bakteriyar takan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ta zauna daram, don haka aka ci gaba da gwaji da ƙaramin canjin ruwa kusan kullum. Aka koma abinci mai nutsewa, ana jiƙa shi kafin a zuba. Ana cikin mako na uku, abincin ya ƙare, wani ya tuna da ragowar tsohon gwangwanin abincin nan mai shawagi. Kwana biyu ana zuba shi, Ɗan Ja ya wayi gari ciki sama. Wannan karon ruwan lafiya lau yake, azumin kwana biyu ya dawo da shi, amma saurin komawar ya sa na ce mu nemi likitan dabbobi da ya san kifi.

Likitan ya sa shi barci da magani a ruwa, ya ɗauki hoton cikinsa. Iska baƙa take fitowa a irin hoton, don haka jakar ta fito sarai. Ɗakin gaba daidai yake. Na baya ƙarami ne, ya kuma zame zuwa gefe, ga 'yan tarin iska a cikin hanji. Babu alamar ƙari ko kumburin ƙoda. Ya ce siffar jakar ba abin da zai gyara ta, haka aka haife shi, abin da ke hannunmu shi ne kada hanjin ya cika kuma kada ruwan ya ɓaci. Bai rubuta magani ko ɗaya ba.

Har yanzu ba zan iya raba wa kowane dalili kasonsa ba. Jakar a karkace take tun farko, amma ya yi watanni yana iyo da ita. Yawan ci ya cika hanjin, gubar ruwa ta raunana shi har ya kasa jurewa. Abin da na tabbatar shi ne kwana guda da na ɓata ban gwada ruwan ba ya kusa cin kifi biyu, kuma dogon ne ya tona asirin.

Yanzu yarinyar kaɗai ke ciyarwa, sau biyu a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Tana jiƙa ƙwayoyin a murfin kwalba, tana ƙirgawa. Rana ɗaya a mako ba a ba su komai, wata ranar kuma wake. Ana canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk mako, soson kuma a cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin ake matse shi, ya koma da launinsa na ƙasa-ƙasa, abin da har yau uwarta ba ta son gani. Ɗan Ja yakan ɗan ɗaga jela bayan cin yamma, kafin safiya ya daidaita. Kayan gwajin na bar musu, a irinsu amoniya idan babu ruwan kwalbar rawaya yake zama, naitirait kuma shuɗi mai haske. Makon jiya ta turo mini hoton kwalaben a jere a gaban taga, ta rubuta a ƙasa: "Kawu, rawaya da shuɗi. Amma Baba ya sake ba su da dare, na gan shi."